Waiwaye: Manhajar Gida ko ta Haya?

Akwai wata wasiƙa da duk kamfanin da ya fara tasowa yake samu wata rana. Babban mai sayen kayansa ne ke aiko ta, ko kamfanin jiragen ruwan da ke ɗaukar masa kwantena, ko kuma hukumar haraji. Abin da ke cikinta bai wuce layi uku ba: daga ranar kaza mun daina karɓar takarda, mun daina karɓar oda ta waya ko ta imel, kwamfutarku ce za ta riƙa magana da tamu kai tsaye. Wannan tsari shi ake kira EDI, wato musayar takardun ciniki tsakanin kwamfuta da kwamfuta, ba tare da wani akawu ya zauna ya sake bugawa da hannu ba. Takardar oda, takardar neman biya, sanarwar cewa kaya sun taso, jerin abin da ke cikin jirgi, duk suna tafiya ne cikin wani fasali da ɓangarorin biyu suka amince da shi.

Da wasiƙar ta iso, masu talla biyu ne za su yi sallama. Na farko zai ce: “Ranka ya daɗe, ka sayi manhajar ta zama taka, mu dasa ta a babbar kwamfutar ofishinka. Sirrinka yana ɗakinka, makulli yana aljihunka.” Na biyu zai ce: “Alhaji, me zai haɗa ka da wannan wahala? Komai yana wurinmu. Ka biya kuɗin wata, ka shiga ta intanet, sauran ka bar mana.” Kowannensu ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. Sauran rabin yana cikin tarihi, domin wannan gardama ta girmi intanet, kuma 'yan kasuwar duniya sun yi kai da komo a tsakanin hanyoyin biyu fiye da sau ɗaya.

Asalin abin daga yunwar wani birni ne. A watan Yunin 1948 Tarayyar Sobiyat ta toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa da ke shiga Yammacin Balin, sai Amurka da Birtaniya da ƙawayensu suka koma ciyar da birnin ta sama. Kafin a kammala aikin a 1949, jirage sun yi sawu fiye da 270,000, sun kai kaya sama da tan miliyan 2, mafi yawa gawayin kwal. Jirgi yakan sauka bayan jirgi cikin 'yan mintoci, kowanne da takardar jerin kayansa, kowace takarda da nata fasalin, wata ma da nata harshen. Wani sojan Amurka mai suna Edward Guilbert, tare da abokan aikinsa, ya tsara fasali guda wanda za a iya aikawa ta teles ko rediyo ko tarho, ta yadda masu sauke kaya za su san abin da ke tafe tun jirgi bai iso ba.

Da Guilbert ya bar soja bai bar wannan tunani a bariki ba. A shekarun 1960 ya yi aiki da shi a kamfanin DuPont wajen aika bayanan kaya ga masu tankokin dako. A 1968 kamfanonin jiragen ƙasa da na ruwa da na sama da na manyan motoci a Amurka suka kafa kwamitin daidaita bayanan sufuri, wanda ya fitar da ƙa'idojinsa na farko a 1975. A 1979 hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta kafa kwamitin X12, wanda har yau fasalinsa ne ke tafiyar da ciniki a Arewacin Amurka. A can kowace takarda lamba gare ta: 850 ita ce oda, 810 takardar neman biya, 856 sanarwar tahowar kaya, 997 kuma shaidar cewa saƙo ya iso. Ingila ta fito da nata, TRADACOMS, a 1982, masu ƙera motoci na Turai suka yi nasu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya aka samar da EDIFACT a 1987, wanda da shi jiragen ruwa da tashoshinsu da hukumomin kwastam da yawa ke magana.

To an sami harshe, saura hanya. A shekarun 1980 babu intanet irin ta yau. Kwamfutar wannan kamfani ba ta san ta wancan ba, na'urorin sadarwarsu sun sha bamban, lokutan aikinsu ma haka. Sai wasu kamfanoni suka shiga tsakani, irin su sashen sadarwa na General Electric, da IBM, da Sterling. Kowane ɗan kasuwa yana da akwatin saƙo a wurinsu. Ka kira ta layin tarho ka zuba takardunka, abokin cinikinka ya kira lokacin da ya ga dama ya kwashe nasa. Idan gardama ta tashi a kan ko an aiko oda ko ba a aiko ba, littafin mai shiga tsakani ne shaida.

Wanda ya san tarihin fataucin goro ba zai ga baƙon abu a nan ba. Falken da ya isa Salaga ba ya gina rumbu, ba ya koyon harshen gari a rana ɗaya. Wurin fatoma yake sauka, shi ne zai ba shi makwanci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya shaida, sannan ya cire la'adarsa. Muddin fatoma mai amana ne, falke yana barci da ido biyu rufe. Amma la'ada tana ƙaruwa da yawan kaya, kuma ranar da gidan fatoma ya kama da wuta, kayan duk baƙinsa ne ke ciki.

La'adar ce ta fara gundurar mutane. Waɗannan kamfanoni na tsakiya suna lissafin kuɗinsu ne da yawan haruffa, kowane haruffa dubu da farashinsu, kuma sau da yawa mai aikawa ya biya, mai karɓa ma ya biya. Ga ƙaramin kamfani wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke musayar miliyoyin takardu kuwa, kuɗi ne masu nauyi. A 2002 kamfanin Walmart, wanda ya fi kowa girma a harkar kantuna a duniya, ya umarci masu kawo masa kaya su koma aikawa kai tsaye ta intanet, ta wata hanya da ake kira AS2. Saƙo yana fita a kulle, ɗauke da sa hannu na lantarki, wanda ya karɓa kuma kwamfutarsa ta mayar da rasit nan take. Babu mai shiga tsakani, babu kuɗin haruffa. Dubban kamfanoni suka sayi manhaja suka dasa a gida, masana da yawa suka ce zamanin 'yan tsakiya ya ƙare.

Bai ƙare ba, kuma dalilin da ya sa bai ƙare ba shi ne zuciyar wannan magana. Waɗanda suka kawo abin gida sun gano cewa ɗaukar saƙo daga nan zuwa can shi ne mafi sauƙin aikin. Wahalar tana wurin daidaitawa. Ko da yake fasali ɗaya ne a takarda, kowane babban mai saye yana da nasa littafin sharuɗɗa. Wannan yana ƙirga kaya da katan, wancan da ɗai-ɗai. Wannan yana son lambar kayan da ke jikin kwali, wancan yana son tasa lambar ta cikin gida. Wani yana son ranar da kaya suka bar sito, wani ranar da za su iso. Dole wani ya zauna ya tsara jadawalin da ke cewa wannan gurbi na littafin ajiyarmu shi ne wancan gurbi na takardarsu, kuma ya yi haka ga kowane abokin ciniki da kowace irin takarda. Kamfanin da ke da abokan ciniki 30, kowanne da takardu iri huɗu, jadawali 120 yake riƙe da su. Kuma ba sa zama yadda aka bar su: mai saye yakan sauya sharaɗi, ya ba da wa'adi, wanda bai gyara ba a mayar masa da takardarsa.

Ga kuma tsaro. Kwamfutar da ke karɓar saƙo kai tsaye dole ta kwana a kunne, ƙofarta a buɗe ga intanet, domin oda ba ta san dare ba. Satifiket ɗin da ake kulle saƙo da shi yana da ranar mutuwa, idan aka manta ba a sabunta ba sai a wayi gari komai ya tsaya cik. Manyan kantunan Amurka kuma ba sa jin “a yi haƙuri”. Idan mota ta iso sito kafin sanarwar 856 ta iso, ko lambar da ke manne a kwali ta saɓa da wadda ke cikin sanarwa, tara suke yanka daga kuɗinka kafin su biya. A kamfanoni da yawa duk wannan ilimi yana kan mutum ɗaya ne, wanda ya gina jadawalan da hannunsa, wanda shi kaɗai ya san dalilin da ya sa aka yi wani abu yadda aka yi shi. Ranar da ya yi murabus ko ya sami aiki mai tsoka, sai mai kamfani ya tarar cewa manhajar da yake taƙama tasa ce, lasisinta kawai ya mallaka.

Shi ya sa aka sake juyawa. Sababbin kamfanoni suka taso suna cewa: mun riga mun gina jadawalin kowane babban kanti, idan ya sauya sharaɗi sau ɗaya za mu gyara, dubban abokan cinikinmu su amfana. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ita ta kai kamfani irin SPS Commerce na Minneapolis kasuwar hannun jari a 2010. Tsofaffin 'yan tsakiyar ma ba su mutu ba, hannu suka riƙa sauyawa. A 2010 IBM ta sayi Sterling Commerce daga AT&T a kan dala biliyan 1.4. A 2014 kamfanin OpenText na Kanada ya sayi GXS, magajin tsohon sashen General Electric, a kan sama da dala biliyan ɗaya. Mai haya ya lura da wannan: wanda ka ƙulla yarjejeniya da shi yau, gobe ana iya sayar da shi da kai a ciki, sabon mai gida ya zo da sabon farashi, ko ya ce manhajar da ka saba da ita an daina kula da ita.

Duk wannan lissafin kuɗi ne da na ma'aikata. Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wani lissafi, na ranar masifa, kuma sun taɓa kowane ɓangare.

A ranar 27 ga Yunin 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa NotPetya ta ɓulla daga Yukren, ta bi ta cikin wata manhajar lissafin haraji da kamfanonin ƙasar ke amfani da ita. Ta shiga ofishin Maersk, kamfanin da a lokacin ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin duniya, cikin ɗan lokaci ta shafe kwamfutocinsa a ko'ina. Tashoshi 17 daga cikin 76 da kamfanin ke gudanarwa suka tsaya. Jiragen lafiyarsu ƙalau, amma manhajar da ke karɓar takardun EDI daga jirgi, wadda ke gaya wa ma'aikatan tasha abin da ke cikin kowace kwantena da inda aka jera ta, ta tafi. Manyan motoci suka yi layi a bakin ƙofa, ba mai iya cewa wace kwantena ce ta wa. Shugaban hukumar daraktocin kamfanin na lokacin, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana daga baya a taron Davos cewa sai da suka sake dasa manyan kwamfutoci 4,000 da ƙanana 45,000 cikin kwana goma, asarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300.

Abin da ya cece su ya cancanci a tsaya a kansa. Kwamfutocin da ke riƙe da rajistar dukan ma'aikata da izininsu, kowacce kwafin 'yar'uwarta ce, don haka aka ɗauka ba za su taɓa mutuwa tare ba. Sai suka mutu tare. Kamar yadda mujallar Wired ta ruwaito a 2018, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishin kamfanin na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin ya iso, kwamfutar tana kashe. Layin intanet bai isa a tura bayanan Ingila, inda ake aikin gyaran, cikin gaggawa ba, sai aka ɗauko faifan da hannu, aka biyo da shi ta Najeriya, wani ma'aikaci ya hau jirgi ya kai shi Landan. Kamfani mai dubban injiniyoyi, ɗaukewar wuta ce ta fitar da shi. Wanda duk ya ji wannan labari ya ce zai riƙe komai a gida, to ya tambayi kansa wane tanadi ya yi wanda bai dogara da irin wannan sa'a ba.

A ƙarshen watan Mayun 2023 wata ƙungiyar masu kutse da ake kira Cl0p ta yi amfani da wata kafa a jikin MOVEit, manhajar musayar fayiloli da kamfanoni da hukumomi da yawa suka dasa a kwamfutocinsu. Kafin faci ya iso, kafin kuma wasu su farga su liƙa shi, an kwashe bayanan ƙungiyoyi fiye da 2,000. A ƙarshen 2024 irin haka ta sake faruwa da manhajojin kamfanin Cleo, waɗanda ake amfani da su sosai a harkar EDI. Darasin ga mai manhajar gida a fili yake: idan aka fitar da faci ranar Juma'a da dare, wa zai liƙa shi kafin Asabar? Amma akwai darasi na biyu a cikin labarin. BBC da British Airways suna cikin waɗanda bayanan ma'aikatansu suka fita, alhali ba ta ƙofarsu aka shiga ba. Kamfanin da suka ba aikin biyan albashi ne ke amfani da manhajar. Ba da aiki ga wani bai hana sunansu fitowa a jarida ba.

Masu haya kuwa, ranarsu ta zo a 21 ga Fabrairun 2024. A lokacin kamfanin Change Healthcare shi ne babban mai shiga tsakanin asibitoci da shagunan magani da kamfanonin inshorar lafiya a Amurka, biliyoyin takardun neman biya ne ke ratsa ta cikinsa kowace shekara. Masu kutse suka shiga ta wata ƙofar aiki daga nesa wadda kalmar sirri kaɗai ke tsaron ta, babu makulli na biyu. Kamfanin ya kashe na'urorinsa, sai harkar kuɗin lafiya ta ƙasa guda ta shaƙe. Shagunan magani suka kasa tantance inshorar marasa lafiya, ƙananan asibitoci suka yi makonni babu kuɗin shiga, wasu likitoci suka ci bashi don biyan albashi. Andrew Witty, wanda a lokacin shi ne shugaban UnitedHealth, uwar kamfanin, ya tabbatar wa majalisar dokokin Amurka cewa sun biya fansar dala miliyan 22. Daga baya aka bayyana cewa bayanan mutane kimanin miliyan 190 abin ya shafa. Asibitocin da suka fi shan wuya su ne waɗanda ba su da hanya ta biyu, domin komawa wurin wani mai shiga tsakani yana buƙatar sabuwar rajista da kowane kamfanin inshora, aikin da ba ya ƙarewa a kwana ɗaya ko biyu. Ba su yi laifin komai ba, kwamfutocinsu lafiya lau, amma kuɗinsu ya maƙale a gidan wani. A watan Nuwamba na shekarar kuma aka kai wa Blue Yonder, wani kamfanin da ke ba da manhaja haya, irin wannan hari, ya taɓa harkokin Starbucks a Amurka da kantunan Morrisons a Ingila.

Idan aka jera waɗannan labarai, abu ɗaya ke fitowa. Mai manhajar gida yakan faɗi shi kaɗai, saboda abin da bai yi ba. Mai haya yakan faɗi tare da jama'a, saboda abin da wani bai yi ba. Na farko yana da ikon gyarawa idan yana da masu gyara. Na biyu yana da masu gyara fiye da yadda zai iya ɗauka aiki, amma ba shi ke ba su umarni ba, kuma layinsa a wurinsu gwargwadon girman kuɗinsa ne.

Wannan magana ta iso mu. Kwastam ɗinmu sun daɗe da sanin ASYCUDA, manhajar da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara ginawa a farkon shekarun 1980, wadda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira SYDONIA. An buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, kuma kamfanonin jiragen da ke hulɗa da irin waɗannan tashoshi da saƙonnin kwamfuta suke bin sawun kwantena. A 2025 hukumar tara haraji ta Najeriya ta fara shigar da manyan kamfanoni cikin tsarin aika takardun neman biya ta lantarki. Abin da ya fara da manya, a hankali yake gangarowa kan masu kawo musu kaya. Mai sarrafa riɗi ko zoɓo ko fata da ke neman kasuwar Turai, da mai kai kaya ga manyan masana'antun Legas, su ma wasiƙarsu tana hanya.

Sai dai ma'aunin a nan ba daidai yake da na Amurka ba. Manhajar gida tana son wuta ba yankewa, da ɗaki mai sanyi, da layin intanet mai adireshi tsayayye. Wanda ke sayen dizal ya san me wannan ke nufi. Tana son injiniya, kuma injiniyan da ya ƙware a wannan fanni yau yana iya zama a ɗakinsa a Kano yana yi wa kamfanin Turai aiki ana biyan sa da kuɗin waje. Riƙe shi ba ƙaramin aiki ba ne. Ta haya kuma tana da nata ƙayoyin. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Najeriya da Ghana da maƙwabtansu suka wayi gari netwok yana rarrafe, bankuna suna ba da haƙuri. Wanda takardunsa ke zaune a wata cibiya a Turai, a ranar kallon allo kawai ya yi. Ga kuma canji. A farkon Yunin 2023 ana sayar da dala a hukumance kusan naira 460, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya sa hannu a kan kuɗin wata da dala, hayarsa ta ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram, wanda sefarsa ke ɗaure da yuro, wannan fargabar ta fi masa sauƙi idan da yuro aka yi yarjejeniya. Sannan dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma a gaban doka kamfanin da ya tattara bayanan ba ya kuɓuta don ya ce wani ya ba ajiya.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da masu talla ba sa gaggawar ambata. Mutum yana iya mallakar manhajarsa amma ya ajiye kwamfutar a cibiyar ajiyar bayanai irin waɗanda ke Legas, inda wuta da sanyi da gadi ke wuyan masu cibiya. Yana iya riƙe manyan abokan cinikinsa biyu ko uku ta hanya kai tsaye, ya bar sauran ƙanana ga mai ba da haya. Manyan kamfanoni da yawa a duniya haka suke yi.

Ni dai ra'ayina, ga mafi yawan ƙanana da matsakaitan kamfanoninmu, haya ta fi. Wanda ba shi da aƙalla mutum biyu da suka san aikin, ta yadda idan ɗaya ya tafi Hajji ko ya kwanta ciwo ɗayan zai riƙe, bai kamata ya buɗe ƙofar kwamfutarsa ga duniya dare da rana ba. Manhajar gida ta dace da wanda takardunsa suka yi yawan da kuɗin kowace takarda ya zama nauyi, wanda ke da ma'aikata da kuɗin kula da ita, kuma ya tuna cewa bayan kuɗin lasisi akwai kuɗin kulawa na shekara-shekara, wanda galibi yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na farashin saye. A yi lissafin shekara biyar, a sa albashi da dizal da sabunta na'ura a ɗaya gefen, a sa ƙaruwar ciniki da motsin canji a ɗayan. Lissafin watan farko yaudara ne.

Amma wanda ya zaɓi haya kada ya ɗauka ya sauke kaya ne ya huta. Aiki ake ba wani, alhaki yana nan a wuyan mai kamfani, domin ranar da oda ta ɓace mai saye ba zai nemi wani kamfanin manhaja ba, kai zai nema. Don haka kafin a sa hannu, a zaunar da mai talla a tambaye shi abin da ba ya cikin takardar tallarsa. Jadawalan da za a gina da kuɗina, nawa ne ko naku? Idan na ce zan tashi, a wane fasali za ku ba ni takarduna na shekarun baya, cikin kwana nawa, kuma a nawa? A wace ƙasa bayanaina za su kwana? Idan cinikina ya ninka, yaya kuɗinku zai kasance? Idan aka sayar da kamfaninku, yarjejeniyata tana nan? Idan na'urarku ta faɗi ƙarfe biyu na dare, wa zan kira, kuma mutum ne zai ɗauka? Amsar da ba a yarda a rubuta ta cikin yarjejeniya ba, a ɗauka ba a bayar da ita ba. Haka kuma mai kamfani ya riƙa sauke kwafin takardunsa lokaci-lokaci, ya ajiye a wurin da ba ya haɗe da intanet.

Mai manhajar gida shi ma yana da nasa tambayoyin, sai dai kansa zai yi wa. Wa ke bin sanarwar faci? Wa ya rubuta ranar mutuwar satifiket a kalanda? An rubuta yadda aka gina kowane jadawali, ko yana cikin kan yaro ɗaya? Kwafin ajiyar da ake taƙama da shi, an taɓa gwada mayar da shi an ga ya tashi?

Ga kowannensu kuma akwai gwaji guda da na fi ba muhimmanci. A zaɓi rana a cikin shekara, a sanar da manyan abokan ciniki, a kashe tsarin da gangan na 'yan awoyi, a ga ko mota za ta iya lodi ta fita da takardun da suka dace. A san lambar wa za a kira a wancan ɓangaren, a san wane fom za a cika da hannu, a san wa ke da ikon sa hannu. Kamfanin da ya yi wannan gwaji ya tsallake, ko gida ya zaɓa ko haya, zai iya jure mummunar rana. Wanda ya kasa kuwa ya gano gyaran da ke gabansa a ranar da babu tara, babu kwantenar da ke tara kuɗin jinkiri a tasha, kuma yana da sauran lokacin yin gyaran kafin ya sabunta kowace yarjejeniya.